An ce Yayata na da dajin hanta, amma likita ya ce sai an tsakuro nama tukuna

Ummu_Sadiq: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mana da shawara, gidanmu ya rabu biyu. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 43, tana aure a Kurna. Tun bayan ƙaramar sallah take kukan nauyi a gefen cikinta na dama, ƙasan haƙarƙari, kuma da ta ɗan ci abinci sai ta ji ta cika. Duk mun ɗauka olsa ce, ta sha maganin kemis har ta gaji. Da aka je wani wurin sikanin na kuɗi, mai hoton ya ce akwai ƙari a hantarta, wajen santimita 6, kuma yana zargin ciwon daji ne. A gabanta ya faɗa. Tun ranar ba ta sake barcin kirki ba, har ta kira ni ɗaki ta ba ni amanar ƴaƴanta.

Mun tafi babban asibiti, aka yi mata hoton CT wanda ake zuba ruwan allura a jijiya, shi ma aka ce ya yi kama da daji. Amma gwajin ciwon hanta nau'in B da C duk babu, wani gwajin jini da suke ce wa AFP ya fito lafiya, idonta bai yi shawara ba, ba ta rame ba. Likitan ya ce shi bai gamsu ba, yana so a saka allura a tsakuro ɗan nama daga ƙarin a duba. Hajiyarmu da Kawu sun ce atafau, in ƙarfe ya taɓa daji to an tashe shi. Mijinta ya rasa bayan wa zai bi. Shin akwai ƙarin da zai yi kama da daji a hoto amma ba shi ba ne? Ko lallashinmu kawai likitan yake yi?

Maman_Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce. Na karanta da hawaye wallahi.

Ɗan_Kwari: Ƴar'uwa ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. Wana ya rasu da ciwon hanta shekara uku da suka wuce. An tsakuro masa naman nan, bai yi wata biyu ba Allah ya yi masa rasuwa. Har gobe mahaifiyarmu tana cewa allurar ce ta gaggauta abin. Ban hana ku ba, amma ku yi tunani sosai.

Likitan_Ciki: Allah ya jiƙan yayanka, Ɗan_Kwari. Ummu_Sadiq, ban ga Yayarki ba, ban ga hotunan ba, don haka bayani kawai zan yi, hukunci na likitan da ke duba ta ne. Amma ba lallashinku yake yi ba.

Ga yadda abin yake. Dajin da ke tsirowa daga hanta kanta yana shan jininsa ne daga jijiyar da ke kawo jini kai tsaye daga zuciya. Shi ya sa in an zuba ruwan nan a jijiya, a daƙiƙun farko sai ƙarin ya haska fiye da sauran hantar, in an ɗan jima aka sake ɗauka sai a ga ya dushe ya fi kewayensa duhu. In aka ga wannan a jikin wanda hantarsa ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, ko wanda ya daɗe da ciwon hanta nau'in B, sau da yawa ba a ma buƙatar tsakuro nama, hoton ya isa. To amma wannan ƙa'ida don irin waɗancan hantocin aka gina ta. A hanta mai lafiya, wadda ba B ba C ba tabo, akwai wasu ƙararrakin da ke yin irin wannan hasken alhali ba daji ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne himanjiyoma, dunƙulen jijiyoyin jini ne kawai. Akwai wani ƙarin da ake kira FNH a taƙaice, wanda ya fi fitowa ga mata, sau da yawa da ɗan tabo a tsakiyarsa. Akwai adinoma, wanda ake dangantawa da daɗewa ana shan ƙwayar tazarar haihuwa. Sannan akwai waɗanda ba kasafai ake gani ba, likita zai iya shekaru yana aiki bai haɗu da ko ɗaya ba.

Kada kuma na ɓoye miki ɗaya gefen. AFP mai kyau ba ya wanke mutum, akwai masu dajin hanta da yawa da AFP ɗinsu bai tashi ba. Akwai kuma dajin da ke tasowa daga hanji ko mama ko tumbi ya sauka a hanta. Duk wannan ne ya sa likitanku yake son ya ga naman da ido.

Ummu_Sadiq: Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. To maganar Hajiya fa, cewa allura tana tayar da shi?

Likitan_Ciki: Maganar Hajiya tana da ɗan tushe, kada ku raina ta. In ƙarin daji ne, yana iya yiwuwa ƙwayoyinsa su biyo hanyar da allurar ta bi, amma mutane ƙalilan ne cikin ɗari hakan ke samu. Akwai kuma haɗarin zubar jini, shi ya sa ake fara auna ko jinin mutum yana daskarewa yadda ya kamata, ake kuma saka allurar ana kallon hanyarta a na'urar sikanin. Abin da ya sa mutanenmu suka tsorata shi ne yawancin masu dajin hanta a nan ba sa zuwa asibiti sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. A lokacin ko an taɓa ko ba a taɓa ba, ciwon ya riga ya yi nisa. Sai a tsakuro nama, bayan makonni mutum ya rasu, laifi ya hau kan allura. Ɗan_Kwari, in ba damuwa, yayanka yana da ciwon hanta nau'in B?

Ɗan_Kwari: Yana da shi Dakta. Sai da ya kwanta muka sani. Cikinsa kuwa ya riga ya tara ruwa kafin mu kai shi.

Likitan_Ciki: To don Allah kai da duk ƴan ɗakinku ku je a gwada ku, in ba ku yi ba. A ƙasashenmu yawanci tun ana yara ake ɗaukarsa, daga uwa wajen haihuwa ko tsakanin yaran gida. Wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi, wanda yake da shi a riƙa bibiyarsa.

Baban_Khalifa: Ni shawarata ku haɗa da na gargajiya. Akwai wani mai magani wajen Rijiyar Lemo da ake yabo, an ce sassaƙensa yana narkar da ƙari ko wane iri ne. Ba sai an huda baiwar Allah ba.

Nas_Bilki: Baban_Khalifa don girman Allah a'a. Duk abin da mutum ya haɗiya hanta ce ke tace shi. Na yi jinyar mutanen da suka zo da ƙaramar matsala, suka tafi suka yi wata guda suna shan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, suka dawo ido ya yi ɗorawa da shawara. Addu'a, tofi, zamzam, sadaka, duk a yi, babu mai hanawa. Amma kada a ɗura mata abin da zai lalata hantar da yanzu take lafiya lau. In ma tiyata za a yi nan gaba, da lafiyayyen ɓangaren za ta rayu.

Baban_Khalifa: Nas, ai ba duk na gargajiya ne ke da illa ba. Kakanninmu da shi suka rayu.

Nas_Bilki: Ban ce duka ba Malam. Amma shi mai sassaƙen me zai narkar, tunda har yanzu ko likitan da ya ga hoton bai san mene ne ba?

Hajiya_Gwale: Bari na ba ku nawa labarin ko hankalinku ya ɗan kwanta. Shekara tara ke nan, ina da cikin autana aka yi sikanin aka ce akwai abu a hantata. Na yi kuka har na gode Allah, na yafe wa kowa, na nemi yafiyar kishiyata. Bayan na haihu aka yi mini wani hoto da ake ce wa MRI, likita ya ce himanjiyoma ne, wataƙila ma na daɗe da shi ban sani ba. Ba a huda ni ba, ba a ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Ga ni nan, yaron yana aji huɗu. Ki gaya wa Yayarki ta daina raba amana, ta ci abinci.

MaiHoto_Tarauni: Hajiya, naki ya zo da sauƙi ne domin himanjiyoma yana da salonsa da ake gane shi: ruwan allurar yana fara taruwa a gefe-gefensa kamar ɗigo, sannan ya riƙa shiga tsakiya a hankali. In ya nuna haka ba a huda shi. Na Yayar Ummu_Sadiq da alama bai nuna hakan ba.

Ni aikina ke nan, ɗaukar hoto, kuma abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne yadda aka faɗa mata a wurin sikanin na farko. Sikanin na yau da kullum yana nuna akwai abu, da girmansa, da ko ruwa ne a ciki ko nama. Ba ya yanke hukuncin daji. Rubuta zargi a takarda domin likita ya bincika daidai ne, amma a dubi mace a ce mata kina da daji daga wannan hoton kaɗai, wannan ba daidai ba ne. Ummu_Sadiq, ku tambaya ko za a yi MRI kafin allurar, yana ganin kitse a cikin ƙari fiye da CT. Kuma ku karɓi faifan hotunan ku riƙe, ba takardar sakamako kaɗai ba, duk likitan da za ku gani zai so ya duba da kansa.

Abu_Hanifa: Ni kuma nawa maruru ne ya fito a hanta. Zazzaɓi, ciwo a dama, na rame kamar ba ni ba, ƴan unguwa har sun fara zuwa dubiya irin ta bankwana. Ashe ƙwayar cutar atini ce ta haura hanta ta tara mugunya. Magani aka ba ni aka zuƙe ruwan, na warke sarai.

Likitan_Ciki: Haka ne Abu_Hanifa, har tarin fuka yana iya yin dunƙule a hanta ya rikita mai karanta hoto. Sai dai masu maruru galibi suna zuwa da zazzaɓi, ita kuwa ba a ambaci zazzaɓi ba.

Sadauki_Fagge: Ni a ɓangaren tiyata nake samun horo, kuma ina da ɗan bambancin ra'ayi da Likitan_Ciki, da girmamawa ranka ya daɗe. Ƙari mai santimita 6, yana damunta, ya yi kama da daji, hantar kuma lafiyayya. Akwai manyan likitocin da za su ce a cire shi gaba ɗaya kawai a kai ɗakin gwaji, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Allura ɗan siririn nama take ɗebowa, tana iya faɗawa inda ba zai nuna komai ba, a dawo ana cewa a sake.

Likitan_Ciki: Maganarka tana kan hanya, ana yin hakan, musamman in ƙarin yana bakin hanta inda cire shi ke da sauƙi. Amma yanke hanta ba ƙaramar tiyata ba ce, ga jini, ga kuɗi, ga kwanciya. In FNH ne misali, an yanka ta a banza. In kuma daji ne da ya taso daga wani wuri, maganin ya sauya gaba ɗaya. Ya danganta da inda ƙarin ya zauna, mu kuwa ba mu gani ba.

Ɗan_Dawanau: Tunda ana maganar hanta, gaskiya ne gyaɗa tana kawo dajin hanta? Mu da muke cikin hatsi kullum muna jin ana faɗa.

Malama_Kabuga: Ba gyaɗar kanta ba. Funfuna ce da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. Dafawa ko suya ba sa kawar da ita. In ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jikin mutum ɗaya, haɗarin yana ninkuwa sosai. A busar da kyau, a ɗaga buhu daga ƙasa, a tsince wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane a zubar. Abin takaicin shi ne irin wannan rubabbiyar ce wasu ke saya da araha su yi ƙuli-ƙuli da ita.

Ɗan_Dawanau: Wallahi ana yi Malama. Allah ya shirye mu.

Nas_Bilki: Ƙari a kan haka, binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Rigakafinsa yana cikin alluran jarirai tun 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Masu haihuwa a gida, kada a jira sai an yi suna. Dokar gwaji kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a 2024 ma ta haɗa da ciwon hanta. Wanzamai kuma a riƙa sabuwar aska ga kowane yaro.

Maman_Walid: Jama'a mun bar baiwar Allah da tambayarta mun tafi kasuwa. Ummu_Sadiq ina labari?

Ummu_Sadiq: Ku yi haƙuri da shiruna, kwanakin nan ba zama. Na karanta wa Kawu bayanin Dakta daga farko har ƙarshe, sannan mijinta ya tafi da shi wajen likitan ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Da suka dawo shi ya shawo kan Hajiya. An yi MRI kamar yadda MaiHoto_Tarauni ya ce, aka ga ɗan kitse kaɗan a ciki, amma aka ce dajin hanta ma yakan ɗauki kitse, don haka bai raba gardama ba. An tsakuro naman ranar Talata. Allurar kashe zafi aka yi mata a wurin, aka ce ta riƙe numfashi, abin bai daɗe ba. Ta kwanta a kan gefen dama na wasu awanni ana auna ta. Yanzu jiran sakamako muke. Ku sa mu a addu'a.

Hajiya_Gwale: Allah ya sa mu ji alheri ƴata.

Ummu_Sadiq: Sakamakon farko ya fito amma bai fayyace ba. Sun ce ƙwayoyin ba su yi kama da na hanta sak ba, sai an yi wani gwaji na rini, kuma sai an tura samfurin wani wuri. Kawu ya fara cewa ai dama ya faɗa. Yaya kuma ta koma kuka.

Ɗan_Lab: Anti kada wannan ya karya muku gwiwa, alama ce ta cewa mai duba naman yana da taka-tsantsan. Bari na gaya miki abin da ke faruwa da naman. Ana saka shi a ruwan da ke hana shi lalacewa, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina, a duba a madubin likita. Wani lokaci siffar ƙwayoyin kaɗai ba ta isa, domin ƙari iri biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye. Sai a koma rini na musamman, kowanne yana kama sinadari guda ɗaya tak. Akwai waɗanda ke kama ƙwayoyin da asalinsu hanta ne, akwai masu kama na hanji, akwai masu kama tsoka. Wanda ya kama da wanda bai kama ba, su ne ke faɗin asalin ƙarin. Ba kowane ɗakin gwaji ke da waɗannan rinin a kowane lokaci ba, shi ya sa ake turawa. Ku tabbata kun riƙe lambar samfurin.

Ummu_Sadiq: Alhamdulillahi, alhamdulillahi! Jama'a sakamako ya dawo bayan kusan mako uku. BA DAJI BA NE. Sunan abin da wuyar faɗa, anjiyomayolifoma. A takardar an rubuta wani abu HMB-45 ya kama. Likitan ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa ganin irinsa a hanta ba sai a littafi. Hajiya ta yi sujjada a barandar asibiti. Yaya kuwa jiya ta cinye tuwo malmala biyu.

Maman_Walid: Allahu Akbar! Kai, na ji daɗi kamar ƴar'uwata.

Ɗan_Kwari: Masha Allah. Na yi murna da ba ku bi tsorona ba. Mu ma mun je gwajin, mu biyar, biyu suna da shi, an fara duba su.

Ɗan_Lab: Sunan kansa bayani ne: jijiyar jini, tsoka, kitse. Abubuwa ukun nan ne suka cakuɗu suka yi ƙarin. A ƙoda aka fi saninsa, a hanta kuwa da wuya, kuma ya fi samun mata masu matsakaicin shekaru waɗanda hantarsu lafiya take. In kitsen ya yi yawa hoto yana iya gane shi. In kitsen kaɗan ne, kamar na Yaya, jijiyoyin jinin da ke cikinsa sai su sa ya haska tamkar daji, shi ya sa da yawa ba a gane su sai bayan an cire. HMB-45 ɗin nan shi ne babbar shaidarsa, dajin hanta ba ya kama wannan rinin.

Likitan_Ciki: Barka Ummu_Sadiq, barka da arziki. Sai dai kada ku rufe fayil. Mafi yawansu ba sa yaɗuwa, amma an samu ƴan kaɗan da suka girma ko suka sauya hali, kuma babba yakan iya fashewa ya yi zubar jini, ko da yake da wuya. Ƙarami marar damuwa akan bar shi ana sake hoto lokaci-lokaci. Nata ya kai santimita 6 kuma tana jin nauyinsa, don haka kada ku yi mamaki in an kawo maganar cirewa. Ku kuma tambaya ko an duba ƙodojinta a hoton, domin wani lokaci yana zuwa tare da wata larura ta gado da ke sa irinsa a ƙoda.

Sadauki_Fagge: Ni dai da ƴar'uwata ce zan so a cire. Allura ɓangare ta gani, ba duka ba. Hanta kuma tana tofowa bayan an yanke wani sashe, in sauran lafiyayye ne.

Hajiya_Gwale: Haba ɗana, an ce ba daji ba ne kuma a yanka ta? Ni nawa shekara tara yana nan.

Sadauki_Fagge: Hajiya naki da nata ba iri ɗaya ba ne, kuma naki ba ya damun ki.

Baban_Khalifa: Tunda ba daji ba ne, ai yanzu sai a gwada sassaƙen.

Nas_Bilki: Malam, hantar dai ita ce, ba ta sauya ba.

Ummu_Sadiq: An duba ƙoda Dakta, sun ce lafiya. Maganar cirewa kuwa sun kawo ta, an ba mu ranar ganin likitocin tiyata makon gobe a Asibitin Malam Aminu Kano. Yaya ta ce ita a cire ta huta da tunani, Hajiya ta ce tunda Allah ya rufa asiri a bar shi. Mijinta yana lissafin kuɗi. Wanda aka taɓa yi wa tiyatar hanta a cikinku ko wani nasa, don Allah kwana nawa ake yi a kwance, kuma leda nawa ta jini aka ce ku tanada?

Amarya_Hotoro: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ma an ga abu a hantata wata biyu da suka wuce, santimita 3, kuma shekara shida ina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Tsoro ya hana ni komawa. Dakta, wane gwaji zan fara nema?